Hannun da Sabo Bai Miƙo Ba

Daga Makarfi,
zuwa ga ɗana Abba, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya, ka sami masauki lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokan hanya, Ya kare cikinka daga ruwan da bai saba da shi ba, amin. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, saboda haka na tsallake shi.

A sani, wanda ya sani kuma ya sanar da wanda bai sani ba, tun daga fadamun Kudan har zuwa gonakin tumatir na Ikara, cewa ni mahaifinka, Malam Haruna, mai furfura a gemu da tabarau a kan hanci, an kira ni "Faci" da lasifika, a ƙofar gidana, a kan tabarmata, a gaban baƙin da suka ci shinkafata. Na karanta tarihin daulolin da suka rushe da biranen da ƙasa ta haɗiye, amma ban ci karo da faɗuwa mai ƙara irin wannan ba.

Kafin in shiga bayani, ga abu mai muhimmanci. Buhun da direba zai miƙa maka tare da wannan takarda, kayan aikinka ne: sifanunka da filayarka da duk tarkacen gyaran injin ban-ruwa da ka bai wa Baba Tanko ya sayar. Ban bari an sayar ba. Na san za ka yi mamaki, domin ni ne na yi shekaru ina ce maka baƙin mai ba ado ba ne, ni ne kuma na bi ƙofa-ƙofa har na samo maka kujerar ofis ɗin da kake kai yanzu. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke wa buhun hukunci. Tsorona ɗaya ne: kada ya zama na raba ka da aikin da kake so, kamar yadda na raba kaina da nawa.

Ranar walimar tafiyarka kana cikin gida, gwaggonninka sun kewaye ka da nasiha, ba ka ga abin da ya faru a waje ba. Tun da hantsi na ɗauko Ɗanlami sanƙira, na zaunar da shi a zaure, na biya masa muƙamaina kamar mai biya karatu: tsohon malamin makaranta, tsohon mataimakin jami'i mai kula da shige da ficen takardu, tsohon manajan darakta. Ya maimaita har ya haddace. Da jama'a suka taru, liman ya yi addu'a aka shafa, sai Ɗanlami ya ɗaga lasifika ya jero su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko harafi ba. Na gyara zama, na gyara hula, ina jiran in ji "Allah Ya ƙara girma." Sai jama'a suka shiga waige-waige. Can wani dattijo daga baya ya ce, "Wai duk waɗannan manyan sun iso ne? To ina shi mai gidan?"

Ɗanlami ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ga sana'arsa tana neman zubewa a gabansa. Sai ya ce, "Jama'a, Haruna Faci fa nake nufi!"

Wuri ya ɗauka baki ɗaya: "Oho! Ka ce Faci mana!"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abba, rabona da rumfar faci tun ba a san za a haife ka ba. Ashe duk rigunan da na yi ta sauyawa, garin nan bai taɓa cire mini ta farko ba. Ka san halin mutanenmu: ba sa kiran mutum da abin da aka rubuta a ƙofar ofishinsa, da abin da ya taɓa yi musu suke kiran sa. Wanda ya ɗinka musu riga Tela ne har kabari, ko da ya hau kujerar da ta fi rumbu tsawo. Abin da ya fi girgiza ni kuwa, kuma kai kaɗai zan gaya wa, shi ne: da suka haɗa baki suka ce "Faci," a can ƙarƙashin kunyar sai na ji wani sanyi a ƙirjina, irin wanda mutum ke ji in ya cire matsattsen takalmi.

Ba ka taɓa jin asalin sunan daga bakina ba, domin na haramta ambatonsa a gidana. Ina saurayi na kafa rumfa a bakin tasha ina facin keke da babur. Lokacin kakar rake kekuna ke kwararowa daga ƙauyuka, kowanne an lafta masa dami har mai shi ba ya ganuwa, ƙaya kuwa ba ta san mai gaggawa ba. Ina da bahon ruwa, da famfo, da gwangwanin sholisho, da benci. In na hura tiyub na tsoma shi a ruwa, ina juyawa a hankali har kumfa ta taso ta tona asirin hujin, daɗin da nake ji ko alƙalin da aka kawo wa ɓarawo da kaya a hannu bai kai ni ba. Mutum zai zo yana jan keke yana tsaki, ya koma a kansa yana fito. In babu aiki in buɗe littafi. Rabin abin da na sani yau a kan bencin nan na karanta shi. Ina ci, ina sha, ina kai wa kakarka cefane, in na kwanta kuwa sai kiran asalatu.

Ana nan sai Sabo ya sauko daga motar Zariya. Ajinmu ɗaya da shi a firamare, shi ya ci gaba da karatu ni na tsaya. Ya sauko da farar riga mai guga da agogo a hannu. Na miƙe da murna, na goge hannuna a wando, na miƙa masa. Abba, bai karɓa ba. Ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu, ya ɗan rusuna ya ce, "Haruna, sannu da aiki," ya wuce da sauri. Na tsaya da hannu a sama, baƙi ƙirin, 'yan tasha suna kallo. Na dubi hannun nan kamar ran nan aka manna mini shi. Ba a daɗe ba na rabar da kayan aikina, na rushe rumfar, na yi wa kaina alkawarin sai na zama mutumin da ake miƙewa a ba shi hannu.

Ɗana, kada ka bar aiki saboda kallon da wani ya yi maka. Ka bar shi in ya hana ka salla, ko ya tura ka ga haram, ko ya kasa ciyar da kai, ko ka ji zuciyarka tana mutuwa a cikinsa. Amma kallo? Mai kallo zai wuce gidansu ya ci tuwo, kai za a bari da sauran rayuwarka. Ka riƙe zancen Sabo a gefe, zan dawo kansa, kuma ka tanadi wurin zama.

Na koma karatu, na sami takardar malanta, aka tura ni wata makaranta a ƙasar Kudan. Ba zan yi wa aikin ƙarya ba, yana da daɗinsa. Ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali ya karanto sunansa, fuskarsa takan yi wani haske da ke tuna mini kumfar bahona. Da na zauna, da wataƙila a can na tsufa cikin rufin asiri. Amma labari ya fi mai shi sauri. Wani mai kai dankali kasuwa ya gane ni. Washegari na fito daga aji na tarar da kekuna jingine a gindin dogon-yaro, masu su na zaune a inuwa. Wani tsoho ya ce, "Malam, in ka gama da yaran, ga tawa nan, tun jiya take kwance."

Na ɗauko muryar da nake karanta jawabi da ita na ce, "Baba, nan fa makaranta ce."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Shi ya sa ban shigo da ita aji ba."

Na gyara masa, don ba a mayar da tsoho hannu rabbana. Daga ran nan na zama Malam Faci. Suna kawo mini dankali da albasa da ƙwan zabi, suna sa mini albarka a hanya, ni kuwa gani nake an tsoma mini hula a kwata. Na nemi hanya na gudu. Ka ji fa: na gudu daga garin da ake so na, saboda ana so na ta ƙofar da ba ni na zaɓa ba. In Allah Ya sa mutane suna neman ka saboda wani abu da ka iya, kada ka tsaya auna ko abin ya dace da hularka. Akwai masu manyan huluna da ko tambayar hanya ba a tsayawa yi musu.

Na san haka ne domin na zama ɗaya daga cikinsu. Na sami aiki a wani ofis a Ikara, ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri. Aka ba ni tebur, da kujera mai hannu, da fanka mai juyawa in an kawo wuta. Muƙamina ya fi aikina tsawo. Takarda za ta shigo ta dama, in dube ta da idon basira, in buga mata hatimi, ta fita ta hagu. Wani lokaci ita ɗin dai za ta sake dawowa ta dama, mu gaisa kamar tsofaffin abokai. Ana miƙewa a ba ni hannu, burina ya cika, tafina ya yi laushi kamar na jariri. Amma sai ga ni ina duba agogo tun kafin azahar, ina dawowa gida a gajiye ban san abin da ya gajiyar da ni ba. Mahaifiyarka, lokacin tana amarya, ta taɓa ce mini, "Malam, wai me kake yi a wurin aikin nan?" Na gyara murya na yi mata bayani mai tsawo, mai rassa da ganye. Da na gama ta ce, "To, Allah Ya sa su suna ganewa. Ni dai ban gane ba." Ai jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Akwai masinjanmu, wani dattijo mai tsohon keke. Wata rana na hango shi ta taga yana fama da taya, yana shafa sholisho a kan jiƙaƙƙen tiyub, bai kankare ba, bai bari ya sha iska ba. Na zauna a kan hannuwana don kada su tafi ba da izinina ba. Da abin ya fi ƙarfina na ɗauki buta kamar mai zagayawa, na bi ta bayan ofis, na ce masa, "Kawo nan. In kuma wani ya ji, ni da kai ne." Na gyara, na wanke hannu, na koma kujerata. Shugabanmu ya shigo ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, ko an yi maka ƙarin girma ne ban sani ba? Yau fuskarka kamar ta ango." Duk zaman da na yi a ofishin nan, ran nan kaɗai aka ga haƙorina, shi ma a sace na samo shi, kamar ɓarawon kaza.

Ba zagin ofis nake yi ba, kada ka fahimce ni a karkace. Na ga mutanen da aka halitta domin tebur, takarda na gudu a hannunsu kamar ruwa a gangare, talaka ya shigo da damuwa ya fita da murmushi. Wataƙila kai ma irinsu ne. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba tukuna. Amma ka riƙa auna kanka da yamma. Gajiya iri biyu ce: akwai mai sa tuwo daɗi, akwai mai sa mutum ya daka wa iyalinsa tsawa ba su yi komai ba. In ka ga ta biyun ta tare a ɗakinka, kada ka ce albashi zai kore ta. Na gwada.

Maimakon in gane ciwona, sai na yanke cewa muƙamin ne ya yi mini kaɗan. Na ajiye aiki na shiga fataucin tumatir, na buga kati mai ruwan zinariya: Manajan Darakta. Kamfanin kuwa mu biyu ne, ni da katin. A nan na tafka abin da har yau in na tuna sai na nemi bango na jingina. Na tattara abin da na mallaka na sayi tumatir a Ikara, kwando kan kwando, na ɗauki hayar a-kori-kura za mu kai Zariya mu cim ma masu lodin kudu. Na saka babbar riga ta shadda, fara sol, domin manajan darakta ba ya tafiya kamar ɗan dako. Mun yi nisa, ba gari gaba ba gari baya, sai taya ta yi faci. Aka sauko da safaya, ita ma a kwance. Direban sabon hannu ne. Ya ɗaga kujera, sai ga ƙarfen ɓanɓare taya, ga sholisho, ga guntun roba, ga famfon ƙafa. Mai motar ya tanadi komai. Direban ya riƙe su kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani, ya ce, "Alhaji, ko ka san wani abu a harkar taya?"

Abba, ka ji amsar mahaifinka. Aikin da zan gama kafin ruwan shayi ya tafasa. Na dubi rigata, na dube shi, na ce, "Ni? Dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai faci?"

Ya ba ni haƙuri. Ya ɗauki taya ɗaya, ya tare mai babur ya tafi neman mai gyara, ya bar ni da ɗayar da kayan aiki. Na zauna a gefen titi, rana tana dafa dukiyata a gaban idona. Ina jin ƙamshi yana komawa wari. Jan ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin kwanduna yana bin kwalta. Hannuna na ƙaiƙayi, babu mai gani na sai Allah da wasu shanu da ke kiwo, amma na ce a raina: in ya dawo ya tarar an gyara, in ce masa wa ya yi? Aljanu? Haka na zauna ina gadin mutuncina. Da ya dawo la'asar ta yi, masu lodi sun daɗe da tashi. Abin da muka kai Zariya ba tumatir ba ne, miya ce da ba a sa wa gishiri ba. Rigar da na kare kuwa, wurin sauke kwanduna ta rine ja har wuya. An ce girman kai rawanin tsiya; ni na naɗa nawa da hannuna, a bakin titi, ba makaɗi ba maroƙi. Na dawo gida na rungumi gonar gado, ita ta rufa mana asiri har yau.

Abin da ka iya, kada ka taɓa musun sa. Ranar da ka ce ba ka san shi ba, ran nan za ka fi buƙatarsa.

Sai ga ka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun kana ƙarami ka kwance rediyona ka mayar, sukurori suka yi saura a tabarma, amma ya fi da magana. Da ka girma ka kama injin ban-ruwa, manoman rani tun daga Nasarawan Doya har Kudan suna zuwa da sassafe suna sallama: "Abba Mai Inji yana nan?" Kowace sallama kamar an soka mini allura. Nakan leƙa in ce, "Babu mai wannan suna a gidan nan." Kana dawowa da yamma, baƙin mai har gwiwar hannu, kana ba mahaifiyarka labarin yadda injin wani ya yi tari ya tashi, ruwa ya kwarara cikin albasar da ta fara sunkuyar da kai, kana dariya. Na san dariyar nan. Tawa ce, wadda na bari a bakin tasha. Maimakon in yi murna sai tsoro ya kama ni, kada wani Sabo ya sauko daga mota ya bar ka da hannu a sama. Na matsa maka ka gama difloma, ka gama. Na matsa maka ka karɓi aikin nan, ka ce, "To, Baba." Ba ka taɓa ce mini a'a ba, ni kuma na ɗauki biyayyarka na sa mata suna so.

Yanzu ga Sabo. Ya zo walimar. Ni na aika masa takanas, ba don zumunci ba, Allah Ya yafe mini, sai don ya ga ɗan mai faci zai zauna a ofis a Kaduna. Ya tsufa, yana dogara sanda. Bayan abin kunyar lasifika ya taso yana dariya har da hawaye, ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Na ɗauko maganar da na yi shekaru ina wasa ta kamar wuƙa, na ce, "Alhaji Sabo, yau dai an ba mu hannu."

Ya ce, "Kamar yaya?"

Na tuna masa: tasha, farar riga, agogo, aljihu. Ya yi ta lalube a ransa, sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wayyo Haruna! Shekarar ƙazuwa! Ai ƙazuwa ce ta cinye mu a makarantar kwana, tsakanin yatsuna duk ruwa. Tsoro nake in shafa maka, ga 'yan tasha in suka gani sai sun sa mini suna. Sauri nake in kai gida a haɗa mini magani. Wallahi ran nan sha'awa ka ba ni, kana zaune a rumfarka kai ne sarkin kanka, ni kuwa ko rigar nan ta yayana ce."

Abba. Ƙazuwa.

Na karanta cewa Larabawan zamanin da sun yi yaƙin shekaru saboda taguwa guda, na yi musu dariya. Taguwa dai ana hawan ta, ana tatsar ta. Ni fa? Na rushe rumfata, na gudu daga Kudan, na ɓata shekaru a kan kujera, na dafa tumatir a kwalta, na hana ɗana sunansa, duk saboda ƙurajen da ke tsakanin yatsun Sabo. An ce zato zunubi ne, amma ba wanda ya gaya mini yana iya zama wa mutum sana'a. Na tsaya ina kallon yatsunsa. Sabo ya ce, "Lafiya dai, Faci?" Na ce, "Lafiya lau." Sai daga baya na lura na amsa sunan.

Washegari da ka durƙusa kana yi mini sallama, na ɗora hannu a kanka ina addu'a, idona ya sauka a kan hannuwanka. Fes. Ka yi kwanaki kana dirje su da toka da sabulu har ƙarƙashin farce, ni kuma ina yaba maka. Ran nan sai na ga kamar hannun wanda ya tashi daga jinya. Haka mota ta tashi da kai. Da na koma ciki, mahaifiyarka tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, buri ya cika. Ya kai wa Tanko kayan aikinsa, ya ce a sayar ranar kasuwa, kada ya riƙa tunawa."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Yaushe aka fara gaya maka magana?"

Ranar kasuwa ko kunu ban tsaya sha ba. Ka san Tanko ɗan gwaggona ne, taubashina, tun muna yara bai taɓa bari na wuce da hula a daidai ba. Na same shi a layin 'yan rake, ya baje sifanunka a kan buhu, wani har ya ɗauki babbar yana jujjuyawa. Na ce wa mutumin, "Ajiye, ba na sayarwa ba ne."

Tanko ya ce, "A'a, manajan darakta da kansa! Me ya haɗa ka da ƙarfe? Matsa baya kada ka ɓata riga."

Na ce, "Tanko, ba wasa ya kawo ni ba. Kayan ɗana ne."

Ya ce, "Wane ɗan? Ai ka ce babu Mai Inji a gidanka. Da kunnena na ji, ranar da injina ya mutu rakena yana bushewa, ka sallame ni daga zaure. Bawana, yau ka shigo hannu."

Jama'a suka fara taruwa. Na rage murya na ce, "Faɗi abin da kake so."

Ya nuna tsohon kekensa a jingine, tayar baya a kwance. Ya ce, "Ga shi. A nan, yanzu. Kuma da rigar."

Na yi. Na naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, aka aro baho da famfo wurin mai facin bakin kasuwa, na tsuguna gwiwoyina suna kuka kamar tsohon ƙyaure. Na hura, na tsoma, na juya a hankali. Da kumfar nan ta taso, Abba, sai da na kawar da kai, na ce hayaƙin masu tsire ne ya shiga mini ido. Tanko ya hau ya zagaya ya dawo, ya girgiza kai ya ce, "Kash! An yi asarar mai faci, an sami manajan banza." Ya ɗaure buhun da kansa ya ɗora mini. Sannan ya matso kusa, ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Ka gaya wa yaron rani na tafe. Ba mu da wani."

To, ga buhunka. Ka saurare ni da kyau, kada in je gyaran kuskure in tafka wani. Ban ce ka baro aikinka ba. Ni na tura ka. In yanzu na janyo ka, ka ga har yau ni ke riƙe da sitiyari. Maganar Tanko ma kada ta ɗaga maka hankali, rani ba ya ƙarewa a duniya. Ka riƙe aikin da gaskiya, ka je da wuri, ka girmama na gaba da kai, kada ka raina masinja, kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, kada ka ci abin da ba naka ba. Ka ba shi lokaci, domin kowane sabon takalmi sai ya ciji mai shi. Buhun kuwa ka tura shi ƙarƙashin gado, in janaretan maƙwabci ya ƙi tashi kada ka ce ba ka sani ba. In ofis ya karɓe ka, kana dawowa da gajiya mai sa tuwo daɗi, alhamdu lillahi, ka zauna, ka tashi da sana'a biyu. In kuwa ka wayi gari kana zama a kan hannuwanka, ka ɗauko buhunka ka hau mota. Shagonka ban bari an ba kowa ba. Makullin yana aljihuna, ni ke share shi. Ba mai cewa ka gaza, wanda ya faɗa kuwa ka turo mini shi, ina da labarin tumatir da zan ba shi. Zaɓin naka ne, kuma a wannan karon "To, Baba" ba amsa ba ce. So nake in ji abin da kai kake so, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

In kuma wata rana wani ya ƙi ba ka hannu, ka tambayi lafiyar yatsunsa kafin ka sauya rayuwarka.

Allah Ya yi maka albarka. Ya ciyar da kai halal, Ya haɗa ka da shugaba mai adalci da abokan aiki masu rufin asiri. Ya tsare ka a fita da shiga, a mota da ƙasa, Ya dawo mana da kai lafiya, ko da farin hannu ko da baƙi. Amin summa amin.

Saura hukunci. Kotu ta zauna a zaurena: ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne wanda ake ƙara, mahaifiyarka ce shaida daga bayan labule. An same ni da laifin ɓoye sana'a, da zaluntar tumatir, da yi wa ƙazuwa ƙazafin girman kai. An ci ni tarar goro, fari ɗaya ja ɗaya, ga Ɗanlami sanƙira, domin shi kaɗai ya taɓa gaya mini gaskiya da lasifika. Da facin kekunan 'yan rake kyauta a ƙofar shagonka, duk ranar kasuwa, har sai amsarka ta iso. Na roƙi sassauci, shaida ta ce babu ɗaukaka ƙara. Saboda haka ka ji tausayin gwiwoyina, kada amsar ta daɗe.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Haruna Faci.